Inuwa ta riga mai ita: littafin aikin gajeren fim

3 ga Maris

Yau na rufe rubutun a karo na huɗu, shafi 14. In lissafin da aka saba ya yi daidai, shafi ɗaya minti ɗaya, fim ɗin zai tsaya wajen minti 14. Na buɗe wannan littafin ne don in riƙa ajiye abin da aka yi da abin da ya lalace. A aikin baya na dogara da ƙwaƙwalwata, ta kuwa ci amanata.

Labarin a taƙaice: mace ce mai aikin dare a ɗakin wanki na wani babban gini, daga ita sai injina sai fararen zannuwan gado a rataye. Aka kawo mata sabuwar abokiyar aiki. Tun daga daren nan inuwarta ta daina jiran ta. Kafin ta waiwaya ta kalli sabuwar, inuwa ta riga ta waiwaya. Kafin ta miƙa hannu, inuwa ta miƙa. Abin da ta yi shekaru tana dannewa, cewa mace 'yar'uwarta ce zuciyarta ke so, ga shi bango da zani suna tona mata. Ban raɗa musu suna ba. Mai Guga da Sabuwa nake kiran su a rubuce, kuma ina jin haka za su zauna.

Mu bakwai ne a aikin. Kuɗin da na tara na kasa shi goma: uku na hayar fitilu da kayan sauti, biyu na 'yan wasa, biyu na wuri da sufuri da ɗawainiyar mutane, biyu na tace hoto da gyaran sauti da launi, ɗaya kuma na ɓoye saboda ranar da ba a fata. Kyamarar ta mai ɗaukar hoton ce, bai karɓi komai a kanta ba.

Akwai maganar kalma. Sunayen da aka saba kiran irin wannan soyayya da su, yawancinsu da zagi suke fitowa daga baki, ko mai faɗa bai yi niyya ba. Na yanke cewa ba wadda za ta furta ko ɗaya a cikin fim ɗin. Inuwa ce za ta yi wannan aikin.

9 ga Maris

Na kwana uku ina kallon tsofaffin finafinai, kuma sun ɓata mini rai da rubutuna.

Daga 1934 masana'antar Holiwud ta fara aiki da dokar tace fim ta Hays da gaske, wadda ta hana nuna soyayyar jinsi ɗaya ko da ishara ce bayyananniya. An ɗan sassauta a 1961, aka jefar da dokar baki ɗaya a 1968. A tsakanin nan abin da ba a iya faɗa sai ya shige rigar dodo. Misalin da ya fi tsaya mini shi ne Dracula's Daughter na 1936: mace mai shan jini, tana neman likitan ƙwaƙwalwa ya raba ta da abin da ke jan ta, ta sa an kawo mata wata budurwa wai za ta zana hotonta, ta kasa riƙe kanta. Ƙarshenta kibiya a ƙirji. Tushen abin ma ya girmi fim, don Carmilla ta Sheridan Le Fanu, labarin mace mai shan jini da ta ƙwallafa rai a kan wata budurwa, ta fito a 1872, shekara 25 kafin littafin Dracula. Vito Russo, a littafinsa The Celluloid Closet na 1981, sai da ya ware jeri guda na irin waɗannan mutane da yadda finafinai suka kashe su, wasu da kisa wasu da hannunsu.

Na koma shafi na 13 na rubutuna. Me na rubuta? Mai Guga ta kunna duk fitilun ɗakin lokaci guda, haske ya cika ko'ina, inuwa ta ɓace, ta samu lafiya. Ni da hannuna. Na ɗauka ƙarshe ne mai ban tausayi, ashe tsohuwar kibiyar nan ce na sake harbawa. Waɗancan aƙalla doka ce ta tilasta su. Ni wa ya tilasta ni?

Tambayar da ya kamata in yi tun farko ke nan: in yanzu ana iya nuna abin a fili, mene ne amfanin fatalwa ko inuwa? Finafinai biyu sun taimaka. Tropical Malady na Apichatpong Weerasethakul ɗan ƙasar Tailan, wanda ya samu kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa na 2004, ya rabu biyu. Rabin farko soja ne da wani saurayi suna shaƙuwa a fili, ba ɓoye-ɓoye. Rabi na biyu sojan ne cikin daji yana bin sawun damisa mai kurwar mutum. Wato an riga an faɗi maganar, dajin ya zo ne don ya nuna yadda abin yake a cikin ƙirji. Thelma na Joachim Trier, 2017, shi ma haka: ƙarfin gaibun da ke girgiza yarinyar, wato Thelma, yana tashi ne lokacin da wadda take so ta matso kusa, amma fim ɗin bai ce son ne cutar ba. Dannewar ce ke sa gilashi ya fashe.

Zan sake ƙarshen.

11 ga Maris

Na sake. Inuwa ba za ta mutu ba. A fitowar farko tana riga jiki da daƙiƙa biyu. Tazarar tana raguwa daga fitowa zuwa fitowa, har a ta ƙarshe hannu da inuwarsa su tashi tare. Jiki ne zai cim ma inuwa.

17 ga Maris

Gwajin inuwa, ni da mai kyamara da mai haske, da wata mai rawa da za ta zama inuwar.

Hanya biyu muka gwada. Ta farko irin wasan inuwa ce: mai rawa a bayan zani, fitila a bayanta, 'yar wasa a gaba. Komai a cikin kyamara yake faruwa, ba sai an jira kwamfuta ba. Abin da muka koya da wahala shi ne inuwa mai kaifi tana son fitila mai ƙaramin baki, a nesa. Fitilar da muka fara sakawa mai faɗin fuska ce, sai inuwar ta fito kamar an zubar da ruwa a zani. Muka canja zuwa tsohuwar fitila mai wat 1000, ƙwai tsirara ba gilashin gaba, muka ja ta baya taku shida. Nan take yatsu suka rabu, har ana ganin zoben da mai rawa ta manta ba ta cire ba. Dole kuma ta tsaya dab da zanin. In ta ja baya taku ɗaya, inuwar ta kumbura ta fi 'yar wasa girma, sai abin ya koma na ban tsoro, wanda shi ne ba na so.

Matsaloli uku: ana hango idon fitilar ta cikin zanin kamar wata, ƙafafun mai rawa suna leƙowa ta ƙasa, kuma hasken da muke haska 'yar wasa da shi yana wanke inuwar. Na farko mun gyara da sauke fitilar ƙasa yadda jikin mai rawa zai tare ta. Na biyu da jera kwandunan wanki. Na uku sai da mai haske ya yanka baƙin kwali ya tare gefen fitilar gaba, ya bar haske a fuska kawai.

Hanya ta biyu: a kafe kyamara kada ta motsa, a ɗauki 'yar wasa da inuwarta ta gaskiya a bango, a wurin tacewa a raba hoton biyu a tura ɓangaren inuwa gaba da firem kaɗan, wato hotunan tsayen da ke jeruwa su zama motsi. Wannan ya fi daidai, tunda inuwarta ce da kanta, amma sharaɗinsa jiki kada ya hau kan inuwa ko da gefen hannu ne.

Za mu yi amfani da duka biyun. Hayar fitilun yini guda ta ɗan taɓa kason haya, ba da yawa ba.

24 ga Maris

Jarumar da za ta fito a Mai Guga ta janye.

Ta kira ni da safe, muryarta a sanyaye. Ta ce ta karanta sabon rubutun sau biyu kuma ya fi na da, amma na da ɗin tana iya cewa fim ɗin ban tsoro ne in an tambaye ta, wannan kuwa ba ta da abin fakewa. Ta ce, "Darakta, ke sunanki kawai za a gani a ƙarshe, ni fuskata ce daga farko har ƙarshe." Ban da amsa. Gaskiya ta faɗa. Na yi mata godiya, na ce ta riƙe abin da na ba ta na kwanakin gwaji.

Na yini ina jin haushi, ba nata ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ta gane abin da ni sai da na kwana uku ina kallo kafin in gane: dodon nan mafaka ne, ga mai kallo da mai wasa duka. Na cire shi, iska ta shigo.

Daga yau duk wanda zai shiga aikin sai ya karanta rubutun gaba ɗaya, kuma za mu rubuta a takarda inda za a nuna fim ɗin da inda ba za a nuna ba. Wanda ya so a saka masa wani suna a jerin ma'aikata, za a saka. Da tun farko na yi haka.

25 zuwa 30 ga Maris

Neman jaruma. Mutum huɗu na gani, ba wadda ta zauna.

2 ga Afrilu

Mai rawa ce ta ce in gwada ta. Na yi jinkiri don ba ta taɓa magana a gaban kyamara ba, amma layukan Mai Guga duka ba su kai ashirin ba. Na ba ta zani da dutsen guga na ce ta yi aiki kawai, Sabuwa za ta wuce ta bayanta. Ba ta ɗago ba. Dutsen ne ya tsaya a wuri ɗaya ya ɗan wuce ƙima, sannan ya ci gaba. Mai kyamara ya kalle ni, na kalle shi. An gama.

Yanzu sai neman wadda za ta zama inuwar inuwa. Ƙanwar mai haske tsayinsu ɗaya, ta yarda.

Wurin ma ya kuɓuce a wannan makon. Mai ɗakin wankin da muka yi magana da shi ya nemi ganin rubutun, na ba shi, washegari ya ce injinansa ba za su samu hutu ba. Ban ja ba. Mun samu wani ɗakin ƙasa da aka daina amfani da shi, injina biyu matattu, igiyoyin shanya za mu ɗaura da kanmu. Hayarsa ta fi ta wancan, ta cinye rabin kason da na ɓoye tun ba a fara ba.

6 ga Afrilu

Gwajin wasa. Fitowa ta 9 ce kaɗai ake taɓa juna, hannu a kan hannu wajen ninke zani. Mun tsara ta kamar rawa, da ƙirge: wa zai fara, ina hannu zai sauka, daƙiƙa nawa. Na tambayi kowacce ita kaɗai abin da ba ta so, na rubuta. Ranar ɗauka mutum huɗu kawai za su zauna a ɗakin.

12 ga Afrilu, daren farko

Mun ɗauki fitowa uku cikin biyar da na tsara. Biyu daga ciki sai an sake.

Dogayen ƙwayayen lantarkin da ke rufin ɗakin na so in bari, saboda koren haskensu na gajiya ya dace da aikin dare. Muna ɗauka a firem 24 a daƙiƙa, ƙiftawar kyamara ɗaya bisa 48 na daƙiƙa. A ƙaramin allon kyamara ba mu ga komai ba. Sai da muka duba a kwamfuta wajen ƙarfe uku na dare muka ga hasken yana numfashi a kan fararen zannuwa, yana hawa yana sauka a hankali. Wutar ginin mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, ƙwayayen suna ƙiftawa sau 100, lissafin bai haɗu da namu ba. Mai kyamara ya dafe kai ya ce laifinsa ne, abu ne da ya sani. Na ce nawa ne, ni na hana a yi gwaji a wurin don tsimin hayar yini ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa mun fafe. Mun koma firem 25, ƙiftawa ɗaya bisa 50, numfashin ya tsaya. Daƙiƙa biyu na inuwa yanzu firem 50 ne.

Na ɗan yi tunanin barin wancan numfashin a matsayin wani abu na gaibu. A'a. Fim ɗin abin mamaki ɗaya yake da shi, in na ƙara na biyu na farkon zai rage nauyi.

13 ga Afrilu

An sake na jiya, an ƙara uku. Wani zani da ke rataye kusa da fitilar baya ya fara ƙauri, mai sauti ne ya fara ji. Tabo ruwan ƙasa kamar tafin hannu. Mun matsar da igiyar, mun ajiye bokitin ruwa da abin kashe gobara kusa, kuma ana kashe fitilar tsakanin kowace ɗauka. Tsautsayi ya ɗan leƙo ya koma.

14 ga Afrilu

Daren da ya fi kowanne tsada.

Fitowa ta 6 ita ce zuciyar fim ɗin: Mai Guga tana tsaye tana cewa Sabuwa ta tafi gida ita za ta ƙarasa, inuwarta kuma a bango ta riƙo gefen rigar inuwar Sabuwa. Ba za a iya wannan da tura firem ba, don jiki bai yi motsin ba sam. Sai an ɗauka sau biyu: sau ɗaya jiki a tsaye, sau ɗaya tana miƙa hannun don mu samu inuwar, a haɗa rabi da rabi. Mun ɗauki na farko sau bakwai har na samu wanda nake so. Ana shirin na biyu, wani ya wuce da kebur ya shuri ƙafar kyamara. Bai faɗa ba. Ban san ko waye ba kuma ban bincika ba.

Da na ɗora hotunan biyu a kan juna, layin bulon bangon ya karye a tsakiya kamar an yanka da wuƙa. Tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba, amma kusurwar ta canja, ja da turawa a kwamfuta ba ya gyara ta. Muka sake duka daga farko, ƙarfe huɗu na asuba, kowa ido ya yi ja. Jarumar ta yi iya yinta, amma wancan na bakwai ɗin bai dawo ba. A cikinsa akwai inda ta haɗiye yawu kafin ta ce "tafi". A sababbin babu.

Dole muka ƙara dare ɗaya na wuri da fitilu. Kason ɓoye ya ƙare tas, na kuma ɗebi kusan rubu'in kason tacewa. Yanzu an zagaye ƙafafun kyamara da farin salatif a ƙasa, an ɗora musu buhunan yashi, kuma ba mai ratsawa.

16 ga Afrilu

Daren ƙarshe. Fitowa ta 9 ba dabara ko ɗaya a cikinta: fitila ɗaya, mata biyu, zani ɗaya, inuwarsu ta gaskiya. Sau uku muka ɗauka, na biyun zan yi amfani da shi. Ita ce mafi araha a duk fim ɗin. Mun kwance igiyoyi, mun share, mun mayar da makulli. Hotunan suna kan faifan ajiya biyu, ɗaya a wurina ɗaya a wurin mai kyamara.

22 ga Afrilu

Tacewa da manhajar DaVinci Resolve, ta kyauta, ta ishe ni. Haɗin farko minti 19.

Sauti ne ciwon kai. Injinan matattu ne, don haka ɗakin shiru kamar kabari, sai amsa-kuwwa. Mai sauti ya je wani wuri ya naɗo ƙarar injin wanki da na busarwa. Ya kawo shawarar da na so ƙwarai: sautin motsi, kamar shafar zani ko jan numfashi, ya bi inuwa maimakon jiki. Kunne zai ji motsin kafin ido ya ga hannu ya yi. Allah ya sa ya naɗi shirun ɗakin na minti biyu kafin mu tashi, da shi muke cike giɓi.

27 ga Afrilu

Minti 16. Na cire fitowa ta 4 gaba ɗaya, wadda Mai Guga ke duba madubi. Kowa ya taɓa ganin wannan a wani fim.

4 ga Mayu

Na nuna wa mutum shida da ba su san labarin ba. Bayan an gama na yi tambaya ɗaya: me ya faru da inuwar a ƙarshe?

Mutum biyu suka ce ta daidaita da jiki. Uku ba su lura ba, suna kallon hannuwan ne. Ɗaya ya ce ai ya ɗauka kuɗin dabarar ne ya ƙare mana. Na yi dariya, amma ta ciki na ciki.

Laifin a lissafina yake. Na tsara tazarar tana raguwa a hankali: firem 50, sai 38, sai 25, sai 12, sai sifili. A takarda abin sha'awa. A ido kuwa, firem 12 bai kai rabin daƙiƙa ba, mai kallo ya riga ya daina ganin bambanci tun fitowa biyu kafin ƙarshe, don haka ƙarshen bai zo masa da komai ba. Na ba shi tsani mai matakala ƙanana har bai san ya sauka ba.

Wata daga cikinsu ta jira kowa ya fita. Ta ce ita fitowa ta 6 ce ta kama ta, baki yana cewa tafi inuwa tana riƙe riga. Ta ce ta shekara tara tana yin haka. Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Wannan ce fitowar da nake ta baƙin cikin mun rasa mai kyaunta.

9 ga Mayu

Na juya lissafin. Tazarar za ta riƙa ƙaruwa ne: 25, sai 38, sai 50, a fitowa ta 8 har 75, daƙiƙa uku cur, inuwa ta gama motsi ta tsaya tana jira jiki bai tashi ba. Sai ta 9 ta faɗo sifili lokaci guda. Wannan ya fi kama da yadda abin yake, ƙaryar tana ƙara nauyi ne kafin a sauke ta. Fitowar da aka yi da tura firem za su gyaru a kwamfuta cikin kwana biyu. Guda biyun da aka yi da mutum a bayan zani ba za su gyaru ba, tazararsu a cikin hoton take. Ko in sauya musu wuri a jerin, ko in roƙi rabin dare a ɗakin nan da fitila ɗaya. Zan fara gwada sauya wuri, tunda aljihu ya yi magana.

Sai tsayi. Gasar gajerun finafinai ta Cannes ba ta karɓar abin da ya wuce minti 15 har da sunayen ƙarshe. Ba wai ina sa rai ba, amma ma'auni ne mai kyau, kuma minti ɗaya da ɗoriya zan iya samu daga fitowa ta 2. Bikin finafinai na Berlin yana da kyautar Teddy tun 1987, ta finafinan da suka shafi irin wannan soyayya, da rukunin gajeren fim a ciki, akwai kuma bukukuwan irin waɗannan finafinai, Frameline a San Faransisko da BFI Flare a Landan. Da yawa suna son su ne farkon nunawa, don haka ba zan saka komai a intanet ba tukuna. Kafin in aika ko'ina sai na zauna da jaruman biyu mun bi jerin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muka rubuta.

Abin da ya rage a hannu: kaso ɗaya da ɗan kai. Gyaran launi zai ci rabi, don koren ƙwayayen nan ya zauna a fatar Sabuwa fiye da yadda nake so. Fassarar ƙasan hoto ni zan yi. Kuɗin shiga gasa ban san inda zai fito ba.

Gobe: fitowa ta 8, firem 75, sannan in kira mai sauti ya sake jan motsin zanin baya.